Fitilar Shawara da Sauron Husufi: Hira Kan Kimiyyar Haske

BASHIR: Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Bashir ne, ga Malam Sani da tulin takardunsa kamar kullum, ga kuma Anti Rakiya da ta taho kai tsaye daga aikin dare. Anti sannu da ƙoƙari, idonki ma ya nuna.

RAKIYA: Yauwa Bashir. Ai ban runtsa ba. Jarirai uku muka kwana da su a ƙarƙashin shuɗiyar fitila, duka shawara. Sau biyu ana ɗauke wuta, muna ta fama da janareta.

MALAM SANI: To ai kin buɗe mana hirar ke nan. Fitilar da kika kwana da ita, ita ce maganarmu ta yau: yadda masana daga ƙasashe daban-daban ke haɗa kai su sa haske aiki a asibiti, a jikin halittu, da kuma cikin iskar da muke shaƙa.

BASHIR: Ni fa Malam, da ka ce kimiyyar haske, tabarau na tuna da madubin aski.

MALAM SANI: Ba ka yi nisa da gida ba, daga nan aka faro. Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya rayu a Alƙahira shekara dubu da suka wuce, shi ya kafa hujja da gwaji cewa haske ne ke shiga ido, ba ido ke harba wani abu waje ba. Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa 2015 ta zama shekarar haske, har da tunawa da aikinsa. Yanzu kuma kowace 16 ga Mayu ranar haske ce, don a wannan rana ta 1960 Theodore Maiman ya kunna leza ta farko, wato na'urar da ke harba siririn haske mai ƙarfi a miƙe. Gana na cikin ƙasashen da suka kai wannan buƙata gaban UNESCO. Amma mu bar tarihi. Rakiya, me fitilarki ke yi wa jaririn?

RAKIYA: Abin da muke kira shawara a jariri, wani sinadari ne mai suna bilirubin ke taruwa a jini idan jajayen ƙwayoyin jini sun farfashe, hantar jaririn kuma ba ta yi ƙwarin da za ta fitar da shi ba. Sai ka ga ido da fata sun yi ɗorawa. Idan ya yi yawa ya haye ƙwaƙwalwa, shi ke nan, yaro ya kurmance, ko ya kasa riƙe wuya, ko a rasa shi. Shuɗin haske yana ratsa fata ya sauya wa sinadarin siffa, ya koma wanda jiki zai iya fitarwa ta fitsari da kashi.

BASHIR: Likita ne ya gano haka?

RAKIYA: Allah ya sa ka tambaya! Nas ce. Sista Jean Ward, a asibitin Rochford da ke Ingila, a 1956. Tana da ɗabi'ar fitar da bakwaini su sha hantsi. Wata rana likita ya tuɓe wani jariri, ya ga jikinsa ya washe, sai wani ɗan wuri da zani ya rufe, nan ne kaɗai ya rage da ɗorawa. Daga nan likitoci suka bi diddigi, suka wallafa a 1958. Sunayensu ne a takardar, nata babu.

BASHIR: Ahaf. Riƙe wannan, zan dawo kanta.

MALAM SANI: Na san inda ka nufa. Bari dai ta ƙarasa.

RAKIYA: Matsalarmu a nan, fitilar na son wuta dare da rana. Kuma ƙwan fitilar yana tsufa. Za ka gan shi yana ci shuɗi shar, alhali ƙarfinsa ya tafi, sai da mita ake ganewa. Mu kuwa ba mu da mitar. Uwa na ganin ɗanta a ƙarƙashin fitila hankalinta ya kwanta, ni kuma nawa bai kwanta ba.

MALAM SANI: Nan ne aikin da aka yi a Legas ya burge ni. Dakta Tina Slusher ta Jami'ar Minnesota, da Dakta Bolajoko Olusanya a Legas, da Hendrik Vreman na Jami'ar Stanford. Suka ce, ƙasar da rana ta yi wa yawa, me ya sa za a jira wutar lantarki? Rana na ɗauke da shuɗin hasken da ake nema. Illarta biyu ce: akwai ɓangaren da ke ƙona fata, akwai mai zafi. Sai Vreman ya dinga gwada ledar nan da ake manna wa gilashin mota da tagogi, har aka samu irin wadda ke tare kusan duk mai ƙunar, ta rage zafin, ta bar shuɗin ya wuce. Aka yi rumfa da ita a harabar asibitin haihuwa na Island Maternity.

BASHIR: Ledar gilashin mota? Wadda 'yan sanda ke tambayar takardarta?

MALAM SANI: Danginta dai. Jarirai 447 aka raba gida biyu, rabi rumfa, rabi fitila. Sakamakon ya fito a 2015: rumfar ta yi aiki a kashi 93 cikin 100 na ranakun jinya, fitila kashi 90.

RAKIYA: Tsaya Malam, in ja kunne, don na san mutanenmu. Kada wata ta ji wannan ta shanya jaririnta a tsakar gida. Can rana ce tatacciya, nas na auna zafin jikin yaro a kai a kai, ana auna jini, kuma masu shawara mai sauƙi zuwa matsakaiciya aka gwada a wannan karon. Shanya jariri a rana tsirara haɗari ne. In kin ga idonsa ya sauya, asibiti. Sannan a raba kayan jariri da kafur, don yara da yawa a ƙasar nan suna da wani rauni na gado a jini wanda kafur ke tayarwa.

BASHIR: An ji, Anti. To amma da dare fa? Ko da damina?

RAKIYA: Sai fitila. Shi ya sa nake jinjina wa Virtue Oboro ta Bayelsa. Ɗanta ne ya yi shawara ta sha wahala, ta tashi ta haɗa kai da masu fasaha suka ƙera gadon jariri mai fitilun LED da ke aiki da sola, Crib A'Glow.

MALAM SANI: Shuɗin LED ɗin kuma wasu 'yan Japan uku ne suka samar da shi, Akasaki da Amano da Nakamura, har ya ba su kyautar Nobel a 2014. Su hasken ɗaki suke nema. Ba su san wata uwa a Yenagoa za ta ɗora shi a kan gadon jariri ba.

BASHIR: To yanzu ku ba ni dama. Duk wannan daɗin baki na hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, na yarda. Amma in an ɗora jinkar, wa ke kwana a ɗakin? Abin da na saba gani shi ne: baƙo ya zo da na'ura, a tara masa marasa lafiya, ya ɗebi jini da alƙaluma, ya hau jirgi. Takarda ta fito sunansa a gaba, namu a can wutsiya in ma an sa. Kamar dai Sista Ward.

MALAM SANI: Ba zan ƙaryata ka ba. Ni da idona na ga na'urar da aka ba wani ɗakin gwaji kyauta, ta shekara da shekaru a cikin akwatinta, saboda wani ɗan ƙarfe da bai kai yatsa ba ya ɓace a hanya, kuma babu wanda aka koya wa haɗa ta. Na kuma san ɗalibin da aka gayyata taro ya gabatar da aikinsa, biza ba ta fito ba sai bayan an watse. Duk akwai. Amma ka tambayi Rakiya abin da ke faruwa idan ba a yi da mu ba sam.

RAKIYA: Oksimita kake nufi.

MALAM SANI: Ita.

RAKIYA: Bashir, ka san ɗan abin nan da ake maƙala wa mutum a yatsa, ya nuna yawan iskar oksijin a jini?

BASHIR: Wanda kowa ya saya lokacin korona.

RAKIYA: Shi. Wani injiniya ɗan Japan, Takuo Aoyagi, ya gano dabararsa a farkon shekarun 1970. Fitilu biyu ne a ciki, ɗaya ja, ɗaya kuma ido ba ya ganin haskenta. Jinin da ya ƙoshi da oksijin da wanda bai ƙoshi ba, ba iri ɗaya suke shan hasken nan biyu ba, daga bambancin na'urar ke lissafi. To amma kafin haske ya kai ga jini, sai ya ratsa fata.

BASHIR: Fatar kuma ba iri ɗaya ba ce.

RAKIYA: Ka gane. A Disambar 2020 likitocin Jami'ar Michigan suka kwatanta abin da na'urar ke nunawa da abin da gwajin jini na ainihi ya nuna. Suka duba lokutan da na'ura ta ce 92 zuwa 96, wato babu tashin hankali. A cikin baƙaƙen fata, kashi 11.7 cikin 100 na waɗannan lokutan, jinin ya nuna oksijin ɗin ya faɗi ƙasa da 88. A fararen fata kashi 3.6 ne. Ninki uku ke nan. Mutum na nutsewa, na'ura na cewa lafiya lau.

BASHIR: Innalillahi. Shekara nawa ana amfani da ita kafin nan?

MALAM SANI: Kusan arba'in. Kuma ba a ranar aka fara lura ba, tun 1990 wasu likitoci suka rubuta haka, aka share. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Ana daidaita na'urar ne a jikin 'yan sa kai, a rage musu iska a hankali ana auna jininsu. Idan akasarin waɗanda suka zauna a kujerar farare ne, lissafin nasu ne. Sai a farkon 2025 hukumar kula da magunguna ta Amurka ta fitar da daftarin sabuwar ƙa'ida da ke neman a gwada a kan launukan fata masu yawa. Masu bincike na Jami'ar Kalifoniya a San Faransisko kuma suna aiki da takwarorinsu na Yuganda don a riƙa gwajin a Afirka.

RAKIYA: Ni kuma da nawa ƙarin da ba na jin wani a Michigan zai tuna: lalle. Mai jego ta zo da baƙin lalle har farce, ko jan farce mai duhu, na'ura ta yi ta ƙyafta ido ta kasa karantawa. Sai in nemi yatsan da ya tsira. Amma fa kada a jefar da oksimita. Ta ceci yara masu ciwon haƙarƙari ba adadi. Ni dai in ta ce 94, yaro kuma na ja da numfashi, yaron nake yarda da shi.

MALAM SANI: Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo. Ka ga Bashir, gyaran ba a daina haɗa kai ba ne, a sauya yadda ake haɗawar. Akwai waɗanda suka daɗe da gane haka. Cibiyar da Abdus Salam ya kafa a Trieste ta Italiya a 1964 tana tara matasan masana daga ƙasashe masu tasowa, kowace shekara da kwas na kimiyyar haske. Da goyon bayanta Farfesa Ahmadou Wagué ya jagoranci kafa ƙungiyar masana leza ta Afirka a Dakar a 1991. Jami'ar Cape Coast a Gana na da cibiyar leza tata. Wanda ya fi burge ni shi ne tsarin Farfesa Jérémie Zoueu na Yamusukuro a Kwaddebuwa, tare da mutanen Jami'ar Lund ta Suwidin, da tallafin wani shiri na Jami'ar Uppsala. Ba a aiko maka da na'ura a akwati. Ana tara ku daga Gana, Mali, Senegal, Kenya da sauransu, a zube sassan a tebur, kowa ya haɗa tasa da hannunsa, ya tafi da ita gida.

BASHIR: In ta lalace ya san inda zai taɓa.

MALAM SANI: Shi ne hikimar. Madubin duba ƙwayoyin cuta suka ɗauka, irin na kowane ɗakin gwaji, suka cire fitilarsa suka sa LED kala 13. Ƙwayar maleriya in ta shiga jan ƙwayar jini tana cin abin da ke ciki, ta bar wani baƙin kashi da ake kira hemozoyin. Ƙwayar da ta kamu ba ta shan haske kamar lafiyayya, don haka ana neman gane ta ba tare da an rina jinin ba.

RAKIYA: Ana nema dai. Mu har yau rini muke yi, da ɗan katin gwajin gaggawa.

MALAM SANI: Gaskiyarki, bai zama kayan asibiti ba tukuna. Wanda ya kai ga talaka a ƙauye shi ne na Kamaru. Can ana raba maganin ivermectin don makantar rafi, amma wanda jininsa ke cike da tsutsar Loa loa, maganin na iya sumar da shi, har ya mutu. Sai rabo ya tsaya a wasu yankuna. Ɗakin gwajin Daniel Fletcher a Berkeley ya mai da wayar salula madubi: a ɗiga jini, waya ta ɗauki bidiyo, ta ƙirga tsutsotsin daga motsinsu cikin 'yan mintuna. Farfesa Joseph Kamgno na Yawunde da abokan aikinsa na Faransa da Amurka suka gwada mutum sama da 16,000 a gundumar Okola a 2015. Aka ware 'yan kaɗan da ke cikin haɗari, fiye da 15,000 suka sha magani, ba a samu mummunar illa ko ɗaya ba.

BASHIR: Wannan kam na sara masa. Amma Malam, tun a mota kake min alƙawarin labarin sauro.

MALAM SANI: Ka san yadda aka saba ƙirga sauron da ke cizon mutane? Mutum ne zai naɗe wando ya zauna da dare, duk sauron da ya sauka a ƙafarsa ya zuƙe shi da ɗan bututu.

BASHIR: A'a! Nawa ake biya?

RAKIYA: Ko nawa ne ba da ni ba.

MALAM SANI: To Mikkel Brydegaard na Lund da abokan aikinsa suka haɗa kai da Cibiyar Lafiya ta Ifakara a Tanzaniya. Suka kafa leza a ƙauyen Lupiro, ta miƙe bisa gonaki kusan mita 600, da madubin hangen nesa yana kallon layin hasken. Duk ƙwaron da ya gifta, hasken na dawowa yana ƙyalli daidai da kaɗawar fiffikensa. Kukan sauron nan da ke hana ka barci, bugun fiffike ne, kuma na namiji ya fi na mace sauri. Da haka ake rarrabe su ba tare da an kama ko ɗaya ba. Cikin kwana biyar suka ga giftawar ƙwari sama da 300,000.

BASHIR: Me suka gano da ba mu sani ba? Kowa ya san sauro da magariba yake fita.

MALAM SANI: Sun nuna cinkoson gajere ne ƙwarai, da magariba da kuma asuba. Amma abin tambaya, agogon cikin jikinsa ne ke tashinsa, ko dushewar haske? Sai suka saita zuwansu da husufin rana na 1 ga Satumba, 2016.

RAKIYA: Na tuna shi, mu ma mun ga ɓangarensa da safe.

MALAM SANI: Can da tsakar rana ya kama, kuma kusan duka ranar ta rufe. Gari na dushewa, sauro ya tashi kamar an yi magariba. Ashe haske yake bi. Muhimmancin kuwa, gidan sauro na kare ka ne in kana kwance. Wanda ke cizo a waje lokacin da ake alwala ko ake hira a ƙofar gida, sai an san sa'arsa da wurin taruwarsa kafin a yi maganinsa. Mutanen Zoueu ma sun kafa irin wannan leza a Yamusukuro.

BASHIR: Saura muhalli, ga lokaci na tafiya. Ni dai hazon hunturu ne muhallina.

MALAM SANI: Shi ma da haske ake auna shi. Akwai wata 'yar na'ura da ke bin rana tun fitowarta, tana auna yawan hasken da ƙura ta tare. Hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, da masana na Faransa suka shimfiɗa ɗaruruwanta a duniya ƙarƙashin shirin AERONET. Akwai a Jami'ar Ilori tun 1998, akwai a Banizumbu gabas da Yamai. Daga sama kuma tauraron CALIPSO, na Amurka da Faransa, ya yi ta harbo leza daga 2006 zuwa 2023 yana yanka ƙurar kamar alkaki, a ga tsayinta da kaurinta. Yawancin hazon da ke rufe Kano daga kwarin Bodele yake tasowa a arewacin Chadi, busasshen gindin tsohon tafki, inda iska ke matsowa tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi. Lissafin da aka fitar a 2015 ya ce kimanin tan miliyan 182 na ƙura ke barin Sahara ta yamma duk shekara, wajen tan miliyan 27 na sauka a dajin Amazon, ɗauke da sinadarin fosfaras da ke zame masa taki.

BASHIR: Wato mu tari, su taki.

RAKIYA: Tari kaɗai? Sanƙarau fa? Lokacin ƙura da bushewar iska yake tashi, damina na sauka ya kwanta. Wanda ya ga 1996 ba zai manta ba. In masu auna ƙurar za su riƙa gaya mana da wuri, ai da mun shirya gadaje.

MALAM SANI: An yi irin wannan nazari a Nijar, ana haɗa alƙaluman ƙura da na masu kamuwa. Kuma alƙaluman AERONET kyauta suke a intanet. Kullum ina gaya wa ɗalibaina, wannan karon ba wanda ya hana ku biza.

BASHIR: Amma babbar na'urar fa, ta wa ce? Har yanzu aro muke yi, zanen aro kuwa ba ya rufe katara.

MALAM SANI: A nan ka kama ni. Akwai wata gagarumar na'ura mai zagaye, sinkurotoron, da ke fitar da haske mai tsananin ƙarfi, da shi ake ganin ƙirar furotin da ƙwayoyin cuta don haɗa magani. Duk nahiyoyin da mutane ke zaune suna da ita, ban da Afirka. An fara taron neman tamu a Grenoble ta Faransa a 2015, aka yi wani a Akara a 2019, har yau ana kan magana. Gabas ta Tsakiya kuwa sun buɗe tasu, SESAME, a Jodan a 2017. Ka san su wa ke zama teburi ɗaya a kanta? Iran da Isra'ila da Falasɗinu, Turkiyya da Saifurus, ga Masar da Pakistan.

BASHIR: Tabɗi. Su ma sun iya, mu muna taro.

RAKIYA: Ku dai ku yi ta sinkurotoron ɗinku. Malam, tambaya ɗaya gare ni kafin barci ya ɗauke ni a kujerar nan. Mitar da ake auna ƙarfin shuɗin haske, akwai ta a sashenku?

MALAM SANI: Akwai wadda za ta iya, tana cikin kabad. Batirinta ne ya mutu.

RAKIYA: Shekara nawa muna shirin nan tare ba ka faɗa ba? Ni zan sayi batirin. Fitilu huɗu gare mu, biyu ban yarda da su ba.

MALAM SANI: Talata ba ni da aji da safe. Zan zo da ɗalibai biyu, su ma su ga abin da muke rubutawa a allo.

RAKIYA: Su zo da wankakken hannu, kuma takalma a bakin ƙofa.

BASHIR: To jama'a, mu tashi Anti ta je ta kwanta. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.